Farantin Mamarki da Kwanon Wagunu

Kafanchan,
ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada.

Zuwa ga 'yata Alheri,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya kai ki Kagarko lafiya, ya tsare motar da za ki shiga da direban da zai ja ta. Ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoron Allah, ya sa yaran da za ki koyar su zama masu jin magana.

Za ki tarar da wannan takarda a cikin jakarki idan kin sauka. Na rubuta ne don na san halina. Shekarun da na yi a ɗakin gyaran labarai sun koya mini tsara maganar wasu a kan takarda, amma ba su koya mini faɗin tawa da baki ba. Fasto ya riga ya yi miki nasiha da safe a kan zaman duniya, matan zumunta kuma sun ƙara nasu. Tawa maganar ƙarama ce. A kan Wagunu ce, karen da kika nace sai kin tafi da shi.

Jiya da rana, kina tsakiyar ɗaure kaya, kin zauna a bakin ƙofar kicin da tuwon acca a hannunki. Kin ci loma kaɗan, kika tsaya kina kallon tsakar gida, sai kika sunkuya kika juye sauran a kwanonsa. Ko kallonsa ba ki yi ba. Na gane wannan motsin hannun, domin nawa ne. Da irinsa na kai Loko, wadda ta haife shi, ga mutuwa. Kina makaranta a lokacin, abin da kika sani kawai shi ne ta yi ciwon suga ta mutu. Ga yadda abin ya faru.

Kin tuna Loko a zamanin da mamarki, Saratu, take da rai. Mamarki ce ta raɗa mata sunan, don in ta dawo daga gudu tana huci kamar kan jirgin ƙasa yana shiga tasha. Kowace safiya tana bin mamarki zuwa gonar citta, ta dawo da ciyawa manne a jikinta. Siririya ce, in ta tsaya za ki ga inda ƙugunta ya shiga. Mamarki tana ba ta abinci a wani tsohon kwano, kuma ba ta taɓa bari a jefa mata komai daga kan tebur ba.

Da muka binne mamarki, matan zumunta suka yi ta kawo abinci, kamar yadda aka saba a nan, kula bayan kula, har sai da makoki ya watse. Daga nan na fara girki da kaina. Hannuna bai san awon mutum ɗaya ba. Kullum sai in dafa na biyu, in zuba nawa, in zuba nata a farantinta mai zanen furen nan, in ajiye a gefen da take zama. Na san ba za ta zo ba, hankalina ƙalau yake. Na kasa ne kawai in zauna a tebur da faranti ɗaya. In na gama ci, sai in rasa yadda zan yi da nata. Zubarwa ya yi mini nauyi, ci kuma ba zan iya ba. Loko tana kwance a ƙarƙashin kujerar, a inda ƙafar mamarki take zama. Sai in sauke mata farantin.

Haka ta riƙa cin rabon babbar mace, safe da yamma, a kan nata abincin: doya da manja, shinkafa, gwate, tuwo da miyar gyaɗa. Gonar kuma na ba wa ƙanin mamarki ya ci gaba da nomawa, saboda haka tafiyar safe ta ƙare. Abinci ya ninka, motsi ya tsaya. Wannan shi ne kuskurena na farko. Ban ba ta don tana jin yunwa ba, na ba ta ne don ni ina jin kewa. Za ki zauna ke kaɗai a ɗaki a garin da ba ki san kowa ba, Alheri, kuma za ki yi kewa. Duk lokacin da hannunki ya nufi kwanon Wagunu, ki tsaya ki tambayi kanki waye a cikinku yake buƙatar wani abu. Idan ke ce, abincin ba zai kai inda ciwon yake ba.

Kuskure na biyu shi ne na ji daɗin ƙibar. Mutanenmu suna karanta halin gida a jikin dabbarsa, kare mai haƙarƙari a waje yana nufin maigida marowaci ne ko matalauci. Da Loko ta fara cika, mutane suka fara yaba mini. Mama Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, ta leƙo ta katanga wata rana ta ce, "Edita, wannan kare naka ya zama manaja fa. Remain small, saura kaɗan ya sayi mota." Na yi dariya. Wani mai yawon sayen karnukan yanka ma ya taɓa tsayar da mashin a ƙofar gida, ya daɗe yana kallon ta, ya ce, "Baba, in ka gaji da shi ka tuna da ni. Wannan ko mai ba sai an sa ba." Na kore shi, amma ko a cikin fushin akwai wani ɗan alfahari. Ina ganin duniya ta shaida cewa gidan Saratu bai lalace a bayanta ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya likitar dabbobi ta yi mini bayani na kuma bi na karanta, shi ne kitse ba kaya ba ne da jiki yake ajiyewa a gefe kamar buhun masara a sito. Kitse yana da rai, yana aiki, yana aika saƙo cikin jini. Jikin dabba, kamar namu, yana tafiya ne da wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda suke kai umarni daga wata gaɓa zuwa wata. Kitse da kansa yana fitar da irinsu. Akwai guda da ake kira leftin, aikinsa shi ne ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ajiya ta isa, a rage ci. Idan kitse ya yi yawa, wannan saƙon yakan yi yawa shi ma, har ƙwaƙwalwa ta daina sauraron sa, kamar yadda mu mazauna kusa da tasha muka daina jin ƙarar jirgi. Shi ya sa Loko, da duk wannan jikin, take kallona da idon mai yunwa. Ba ƙarya take yi ba. Saƙon ƙoshi ne ba ya isa inda aka aike shi.

Akwai kuma insulin, wanda yake buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A jikin da kitse ya cika, tsoka tana taurin kai ga insulin, sai jiki ya riƙa fitar da mai yawa don a yi aikin da kaɗan yake yi a da. Ban da haka, kitsen yana sa wani kumburi mara sauti a cikin jiki, wanda ba a gani, yana cin gaɓoɓi a hankali. Dabbar ta yi nauyi, gwiwa ta yi ciwo, ta rage motsi, tsoka ta ragu, abin da take ƙonawa ya ƙara raguwa. Kowane ɗaya yana ciyar da ɗayan. Duk wannan yana gudana a ƙarƙashin kujerar mamarki, ni kuwa ina karɓar yabo ta kan katanga.

Saboda haka kada ki auna Wagunu da bakin mutane. Ki auna shi da hannunki. Ki shafa gefen ƙirjinsa ba tare da kin danna ba. Ya kamata ki ji haƙarƙarinsa a ƙarƙashin fata, kamar yadda kike jin ƙasusuwan bayan hannunki. Ki tsaya a kansa ki duba daga sama, ya kamata ki ga ƙugu. Na shafa shi yau kafin mu tafi coci. Sai da na danna kafin na ji ƙashi. Ƙugun ma ya fara ɓacewa. Bai yi nisa ba, amma ya kama hanya. Ki kuma tuna an yi masa fiɗiya a bara, kuma bayan wannan aikin jiki yakan rage abin da yake ƙonawa, ci kuwa ya ƙaru. Awon da ya dace da shi a da ya yi masa yawa yanzu.

Kuskure na uku ya fi ba ni kunya, domin na mai karatu ne. Lokacin da Loko ta fara kasa hawa matakalar baranda, na gane akwai matsala. Maimakon in kai ta a duba, sai na zauna na yi bincike da kaina. Na karanta cewa akwai wata ƙaramar gaɓa a wuya, tayirod, wadda idan ta yi sanyin aiki kare yakan yi ƙiba da kasala ko da ba a ƙara masa abinci ba. Na karanta kuma cewa wani homon na daban, idan ya yi yawa, yakan sa cikin kare ya zazzago. Duka gaskiya ne, ana samun su. Na riƙe wannan bayanin da hannu biyu. Duk wanda ya yi maganar jikinta sai in ce, "Ciwo ne na homon, ba abinci ba ne." Mutane suka ce ai Edita ya sani.

Na shafe rayuwata ina mayar wa matasan 'yan jarida labarinsu ina ce musu majiya ɗaya ba ta isa ba. Ga shi na buga labari a kaina da majiya ɗaya, don kawai labarin ya wanke ni. Idan kika sami bayanin da ya yi miki daɗi, wanda ya nuna ba ki da laifi, shi ne ya fi cancanta ki sake dubawa. In kina zargin ciwo, jini ake ɗiba a gwada. Ba a yanke hukunci daga kan kujera.

Abin ya fashe ne a ranar Kirsimeti. An yanka alade a gidan kawunki, aka aiko mana da kaso mai yawa, ga baƙi suna shiga suna fita. Kowa ya ci ya bar kitse da fata a gefen faranti, ni kuma na tattara duka na ba Loko, wai ita ma ta yi biki. Washegari ta fara amai. Ta ƙi abinci, ta tanƙware baya, in an taɓa cikinta sai ta yi ƙara. Na sami mai keke ya yarda ya ɗauke mu zuwa wurin likitar dabbobi, sai da mu biyu muka ɗaga ta.

Likitar, Dakta Kuyet, mace ce mara yawan magana. Ta duba ta, ta ɗebi jini, ta tambaye ni abin da take ci. Na fara yi mata bayanin tayirod. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Za mu gwada wannan, Baba, in ta warware. Amma ban tambaye ka abin da ka karanta ba. Me take ci?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata har da farantin.

Ta ce, "Sannu, Baba. Allah ya ba ka haƙuri." Sannan ta koma kan aikinta. Ta ce akwai wata gaɓa a kusa da tumbi, fankiriyas, wadda take fitar da ruwan narkar da abinci, kuma ita ce take yin insulin. Kare mai ƙiba, in ya ci kitse mai yawa a zama ɗaya, wannan gaɓar tana iya kumbura har ta fara cin kanta. Abin da ya sami Loko ke nan. Daga baya an gwada tayirod ɗin. Lafiyarsa ƙalau.

Ta tashi daga wannan ciwon, amma gaɓar ba ta koma daidai ba. Bayan wasu watanni na lura tana shan ruwa kamar ba za ta daina ba, tana yawan fitsari, kiyashi suna taruwa a inda ta yi. Tana ci sosai amma tana ramewa. Mama Ngozi ta ce, "To, manaja ya fara slimming, ka gode wa Allah." Ni ma na so in ɗauka haka. Amma ramar da ta zo ba tare da an rage abinci ba ba sauƙi ba ce. Sukari ne ya cika jini ya kasa shiga tsoka, jikin yana cin kansa a tsakiyar yalwa. Na koyi yi mata allurar insulin safe da yamma. Maganin yana son sanyi, wuta kuwa kin san halinta, sai in sa kwalbar a kula da ƙanƙara. Sannan yanar ido ta rufe mata gani. Karyar da take shiga gaban mamarki a hanyar gona ta koma tana cin karo da ƙafar tebur. Har a makance, in ta ji ƙarar farantin nan a wurin wanke-wanke, sai ta ɗaga kai tana kaɗa wutsiya. Ta mutu da damina, a ƙarƙashin kujerar. Na binne ta a bayan gida, kusa da mangwaro.

Ki riƙe waɗannan alamun: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama ga mai cin abinci, amai da ciwon ciki bayan cin maiƙo. Ko ɗaya kika gani, ki nemi likitan dabbobi a ranar. Kuma tun kafin ki buƙace shi, a makonki na farko, ki tambayi inda yake.

Saura kuskure ɗaya, wanda tsoro ya sa ni. Citta, kyanwarmu da aka kawo wa mamarki daga Kwoi, ita ma ta yi jiki a waɗannan shekarun, tsakanin ragowar tebur da gutsattsarin kifin da Mama Ngozi take jefo mata. Na karanta cewa a wurin kyanwa hanyar daga ƙiba zuwa ciwon suga ta fi ta kare miƙewa, kusan irin ta mutane ce. Bayan na binne Loko na rantse ba zan sake ba. A rana ɗaya na yanke mata kusan komai, na hana Mama Ngozi, na sa mata wani busasshen abinci da ba ta taɓa gani ba. Ta shinshina ta juya baya. Na ce girman kai ne, yunwa za ta sauko da ita, ai tana da ajiya a jiki. Kwanaki suka wuce ba ta ci ba. Ta daina hawa taga. Wata safiya na ɗaga ta, na ga cikin kunnenta da dasashinta sun yi rawaya.

Da na kai ta, Dakta Kuyet ta dube ni a wannan karon ba tare da sannu ba. Ta ce, "Baba, kai ba ka da tsakiya ne?" Ta yi mini bayani cewa kyanwa mai ƙiba, in ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta gaba ɗaya, hantar kyanwa kuwa ba ta iya sarrafa shi da wannan saurin, sai kitsen ya toshe ta. Ajiyar da nake taƙama da ita ce ta kusa kashe ta. Makonni muka yi ana ɗura mata abinci kaɗan-kaɗan kafin ta fara lasa da kanta. Ta rayu. Tana kan kujera tana kallona yanzu da nake rubutun nan, kuma ban ga alamar ta yafe ba.

Darasin ya shafi Wagunu, ko da yake shi kare ne. Kada ki karanta wannan takarda ki tsorata ki sa shi azumi. Abin da aka tara a hankali, a hankali ake sauke shi. Ki rage kaɗan, ki ba shi a ƙayyadadden lokaci, da awo ɗaya kullum. In za ki canza masa abinci, ki riƙa gauraya sabon da tsohon. Kada ki rage nama da kifi ki bar shi da tuwo zalla, tsokarsa ce za ta tafi, kitsen ya zauna. Ki fita da shi da safe kafin ki tafi makaranta, da yamma kuma in rana ta yi sanyi. Ki gaya wa maƙwabtanki tun ranar farko cewa ba a jefa masa abinci. Za su ce ke marowaciya ce, wani zai ce malama tana horar da kare da yunwa. Ki yi murmushi ki bar su. Zai zauna a gabanki yana kallon lomarki da idon Loko, don idonta ya ɗauko. Ki shafa kansa, ki jefa masa ƙwallo, ki yi masa magana. Yawancin abin da yake roƙo ke ce, ba tuwon ba.

A ƙasan jakarki, a naɗe cikin zanen mamarki, akwai abubuwa biyu. Ɗaya tsohon kwanon nan ne da take auna wa Loko abinci. Na nemo shi a sito na wanke. Ƙarami ne, zai ba ki mamaki. Ki nuna wa likita ya gaya miki inda za ki riƙa tsayawa a cikinsa.

Ɗayan farantinta ne mai zanen fure. Tun ranar da na binne Loko ban sake zuba komai a ciki ba, kuma ban iya ba wa kowa ba. Na ba ki shi da sharaɗi ɗaya: kada ya taɓa sauka ƙasa. Za ki dafa fiye da cikinki, na sani, hannunmu ɗaya ne. Ranar da hakan ta faru, ki zuba a ciki, ki buɗe ƙofa, ki kira mutum. Wata malama da ita ma take nesa da gida, ko tsohuwar da ke ɗakin kusa. Da na yi haka, da Mama Ngozi da mijinta sun zo, katanga ce kawai tsakaninmu. Da Loko tana raye ta raka ki tasha gobe.

Kada ki damu da ni. Na koyi awon mutum ɗaya, kuma na gayyaci Mama Ngozi da mijinta cin abinci ranar Laraba. Ta ce za ta zo da nata barkonon, don ba ta yarda da miyar ɗan jarida ba.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a ɗaki, ya ba ki lafiya da barci mai daɗi, ya ba ki mutanen da za ki ci abinci tare da su. In kun zo hutun Kirsimeti, zan rungume ki a bakin ƙofa, sannan in durƙusa in shafa haƙarƙarin Wagunu. Ina roƙon Allah in ji ƙashi.

Ni ne babanki,
Yohanna.